Lambar Da Ke Jikin Falwaya

Tun cikin shekarar 2002, zamanin da Rodrigo Duterte yake magajin gari, birnin Dabao na ƙasar Filifin ya buɗe cibiyar kiran gaggawa mai lamba 911. Ko gobara ce, ko haɗari, ko fashi, lamba ɗaya ake bugawa, motar asibiti kuwa kyauta take zuwa. A 2016 aka mai da lambar ta ƙasa baki ɗaya.

Babbar wahalar irin wannan aiki ita ce gano inda mai kira yake, balle baƙo wanda bai san sunan titi ba, ga shi kuma a ruɗe. Saboda haka hukumar birnin ta haɗa kai da kamfanin lantarki, wanda dama ya sa kowace falwaya tasa a taswira da lambarta. Mai kira ya karanta lambar falwayar da ke kusa da shi, shi ke nan an san wurin.

Ikko ma tana da 767 da 112. To, amma ɗan dakon da wuta ta tasa da tsakar dare a lungun kasuwa, ina zai ce a zo? Lalle ne sarakunan Hausawa su kai wa hukuma wannan tambaya, su kuma nemi a ajiye masu jin Hausa a bakin waya.