Wasiƙa Daga Warra: In An Soke Igama, Ba A Soke Haƙƙin Gumi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, don yau ina da wata magana da ta tsaya mini a rai. Ban iya haɗiye ta ba, ban kuwa ga inda ya kamata in amayar da ita ba sai gaban masu karatu.

Ina da wani ɗan ƙanwata, masunci ne a nan bakin ruwan Kainji. Da ya ga kifi ya ja baya, ya sayar da komarsa da rabonsa na jirgi, uwarsa ta haɗa masa da ɗan abin da ta tara, aka kai wa wani dillali, ya samo masa aikin lebura a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Ya yi shekara 3 yana aiki, yana aiko da abin da ya samu. Ana nan sai albashi ya tsaya, wata ɗaya, wata biyu, har wata huɗu. Da shi da abokan aikinsa suka je suka yi magana. Ba a yi kwana bakwai ba sai ga saƙo a wayarsa, wai an buga masa bizar fita ta ƙarshe. Akawun kamfani ya kira shi, ya ajiye fasfonsa da tikitin jirgi bisa tebur, ya miƙo masa wata takarda da Larabci, ya ce ya sa hannu ya ɗauki kayansa. Yaron nan ya yi karatun allo, ya san baƙaƙe, amma bai san abin da su ke faɗi ba. Ya sa hannu.

Ran da ya iso gida, bayan an watse daga yi masa barka da zuwa, na ce masa, "Kai yaro, ina albashinka na wata huɗu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai sun soke igama. Wanda aka soke wa igama ba shi da sauran magana."

Na ce, "Wa ya gaya maka haka?"

Ya ce, "Kowa haka ya ke faɗi, Kawu."

To, jama'a, wannan abin da kowa ke faɗi shi na zo in ƙaryata. Takardar nan da ya sa wa hannu ita ce Larabawa ke kira mukhalasa, watau shaidar cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, ba ya bin kowa ko kwabo. Soke igama bai cinye masa kuɗinsa ba. Hannun da ya sa shi ya cinye su.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su san tsarin ba. A Saudiyya da maƙwabtanta akwai abin da a ke kira kafala. Baƙo ba ya shiga ƙasar neman aiki sai da wanda ya tsaya masa, shi ne kafili, ko mutum ko kamfani. Kafilin nan shi ke cire wa baƙo takardar zama, wadda mu ke kira igama, shi ke sabunta ta, shi ne kuma ke iya neman a buga masa fita. Saboda haka talaka ya kan ɗauka ransa duka yana hannun kafili. Alhali kuwa takarda biyu ce, ba ɗaya ba. Igama tsakaninka ne da hukumar ƙasa, ita ce ta yarje maka zama. Takardar alkawarin aiki kuwa tsakaninka ne da mai aikin, ita ce ta ɗora masa bashinka. In ta fari ta mutu, zama ya ƙare, amma bashi yana nan daram. Ko a nan Warra, in ka sallami ɗan ƙodago daga gonarka, ai sallamar ba ta zama biyansa ba.

Ga abin da dokar ƙodago ta Saudiyya ita kanta ta ba ma'aikacin kamfani, ba dokar Nijeriya ba, ba ta Turawa ba.

Na fari, in mai aiki ne ya sallame ka, wajibi ne ya biya ka albashinka da sauran haƙƙinka cikin mako ɗaya. In kai ka bar aikin don kanka, cikin mako biyu.

Na biyu, akwai kuɗin sallama. Kowace shekara daga cikin shekaru 5 na fari tana da rabin albashin wata, kowace shekara bayan nan kuwa albashin wata cikakke. Amma wanda ya ajiye aiki don kansa a kan rage masa gwargwadon daɗewarsa. Mu yi lissafi: mai albashin Riyal 1,200 da ya yi shekara 3, kuɗin sallamarsa Riyal 1,800 ne. In an riƙe masa wata huɗu, Riyal 4,800 ke nan. Jimla 6,600, ban da kuɗin hutun da bai ci ba, don doka ta ba shi hutun kwana 21 a shekara. Kowa ya juya wannan zuwa Naira ya san ya isa koma da jirgi har da inji.

Na uku, in an kore ka ba bisa dalilin da doka ta yarda da shi ba, akwai diyya. In takardar alkawari ba ta yanka adadinta ba, ba ta kasa albashin wata biyu.

Na huɗu, kuɗin igama da na sabunta ta, da kuɗin jirgin komawa gida bayan aiki ya ƙare, duk a wuyan mai aiki su ke. Fasfo kuwa naka ne, dokar ƙasar ta hana kafili riƙe shi. Wanda ya ajiye maka fasfo bisa tebur ya ce sai ka sa hannu, da kayanka ya ke cinikinka.

Na biyar, bizar fita ta ƙarshe tana da wa'adin da kan kai har kwana 60. Ba a ce ka hau jirgi gobe ba. Cikin kwanakin nan mutum na iya kai ƙara ofishin ƙodago, inda za a fara neman sulhu cikin kwanakin aiki 21. In sulhu ya ƙi, a miƙa magana kotun ƙodago, waɗanda aka buɗe a 2018. Amma a lura, in wata 12 ya wuce daga ran da aiki ya ƙare, da wuya kotu ta saurari ƙarar. Wanda ya riga ya dawo gida yana iya naɗa wakili a can, sai dai wannan hanya ce mai tsawo da tsada. Shan ruwa tun kana bakin rijiya ya fi.

Abin da ya fi ba ni takaici cikin labarin yaron nan shi ne wannan. Tun ran 14 ga watan Maris 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala ga ma'aikatan kamfanoni. Wanda ya cika shekara ɗaya yana iya komawa wurin wani mai aiki ba sai da yardar na fari ba. Wanda kuwa aka hana albashi wata uku a jere, ba ya ma bukatar jiran shekarar. Ashe tun a wata na uku ƙofa na buɗe gabansa, bai sani ba, har aka riga shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dai in faɗi gaskiya ko ba daɗi. Sassaucin nan na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, watau 'yan aikatau mata, da direbobin gida, da makiyaya, da masu aikin gona. Su suna da tasu ƙa'ida dabam, haƙƙinsu kuma bai kai na ma'aikatan kamfani ba, alhali kuwa 'ya'yanmu mata da yawa nan a ke kai su. Wanda kuma ya tafi da bizar Umra ya maƙale yana aiki, irin waɗanda a ke kira takari, shi ba shi da igamar ma da za a soke. Ran da aka kama shi sai gidan tarhil, daga nan sai jirgi.

Akwai kuma wani rami da ya fi soke igama zurfi, shi ne hurub. In ma'aikaci ya yi fushi ya bar wurin aiki ya ɓuya gun 'yan'uwa, kafili na iya kai rahoto cewa ya gudu. Daga ran nan mai gaskiya ya koma mai laifi. Tun 2022 an ba ma'aikacin kamfani da aka rubuta ba ya wurin aiki kwana 60 ya sami wani mai aiki ko ya fita, amma duk da haka gudu bai taɓa gyara wa kowa shari'a ba. Mai bin bashi ba ya ɓuya. Ya kai ƙara tukuna, ya riƙe lambar ƙararsa, ya sanar da ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda.

Kada wani ya ce wannan ciwon Larabawa ne kaɗai. Mu mutanen ƙasar Yawuri mun san tafiya tun kakanni, don ta nan ayarin goro ke ƙetare Kwara zuwa Gwanja. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ƙasar Gana ta ba baƙi marasa takardar zama kwana 14 su fita. Hausawa da Yarabawa da suka yi shekara da shekaru a can suka baro gidaje da rumfuna da basussukan da su ke bi. A watan Janairu 1983 mu ma muka yi wa wasu haka, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu mutanen Gana. Nawa ne cikinsu suka tafi da albashinsu a hannu? Wanda ya yi kora yau, gobe shi a ke kora.

Domin irin wannan ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a 1990 kan haƙƙin baƙin ma'aikata da iyalansu. Cikin abin da ta tanada akwai cewa rasa aiki kaɗai ba ya mai da baƙo mai zaman haram tun wa'adin takardarsa bai cika ba, kuma ko za a fitar da shi a ba shi dama ya nemi albashinsa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 2009. Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na gaɓar tekun Fasha ba su shiga ba. Saboda haka kada ɗan Warra ya je gaban alƙali a Jidda yana kafa hujja da ita. Ya riƙe dokar ƙasar da ya ke ciki, ita ce sandar da ke hannunsa. Wasu maƙwabtan ma sun motsa: ƙasar Katar ta daina tilasta wa ma'aikaci neman izinin kafili kafin canja aiki a 2020.

To, yanzu roƙona gare ku, akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, ku da Allah ya ba karatu. Yaran nan daga unguwanninku su ke tashi, daga Warra da Ngaski da Yelwa da Shanga. Kafin yaro ya ba dillali kuɗi, ku tambaya ko dillalin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙodago ta Tarayya, don doka ba ta yarda kowa ya ɗebi 'yan ƙasa zuwa aiki waje ba sai da shi. In an ga alamar yaudara, a kai magana ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin hana fataucin mutane. Ku karanta masa takardar alkawari layi layi, ku fassara masa: aikin mene ne, albashi nawa ne, shekara nawa ne, kamfani ne ko gida. A ɗauki hoton takardar da na fasfo, a bar ɗaya a gida. In ya isa can, ya ajiye shaidar banki ta kowane wata, don ita ce mai ba da shaida ran da baki ya yi musu. Sa'an nan ku ɗora masa magana guda wadda zai tafi da ita kamar laya: kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, kada kuma ya sa hannu cewa ya karɓa alhali bai ƙirga ba. Malamanmu masu Larabci, ga inda karatunku zai ceci dukiyar marayu. Hoton takarda ya kan iso ta waya cikin ƙiftawar ido, fassararta kuwa ba ta cin rabin sa'a. Da yaron nan ya aiko mini da ita, da na kai wa limamin unguwarmu, da magana ta sake.

Ina kuma roƙon hakimai da dagatai, da shugabannin Ƙaramar Hukumar Ngaski, su sa a riƙa faɗar wannan a masallatai da ranar kasuwa, yadda a ke shelar rigakafi.

Kafin in rufe, bari mu dubi kammu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu da gungunansu, saboda haka mun san zafin a ce wa mutum tattara ka tashi. A bakin ruwan nan namu kuma akwai baƙi, masunta da 'yan cin rani, wasu daga Nijar, wasu daga Mali, wasu daga Binin. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta yarje wa 'yan ƙasashen da ke cikin ƙungiyar shigowa kwana 90 ba biza. Amma sau nawa wani mai jirgi ko mai gona ya kan ce wa baƙonsa, in ka matsa mini da maganar kuɗi zan haɗa ka da jami'an shige da fice? Wannan shi ne kafilin da mu ke kuka da shi, sai dai shi da Hausa ya ke magana. Malamai sun fi ni sanin hukuncin wanda ya ci gumin ɗan ƙodago.

Yaron nan yanzu yana bin jirgin wani, ana ba shi kaso. Mun tattara shaidar bankinsa, muna neman wanda zai tsaya masa a can tun wata 12 bai cika ba. In Allah ya sa an dace, zan ba ku labari a wannan fili. In ba a dace ba ma zan faɗa, don na baya su ji.

Haza wasalam.

Naku,
Mazauni Bakin Ruwa, Warra.