Kun Ƙona Littafin, Yanzu Kuna Kukan Ba a Karatu

An sake rera tsohuwar waƙar nan. A wajen bikin ƙaddamar da wani littafi kwanan baya, babban baƙo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya shaida wa jama'a cewa al'adar karatu ta mutu a ƙasar Hausa, waya ce ta kashe ta, ɗan abin da ya rage kuwa shirmen soyayya ne da mata ke ɓata lokaci a kai. Aka yi tafi raf raf. Shi kuma ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi masu nauyi, ya miƙa wa direba ya jefa bayan mota, inda littafin zai zauna har ranar da za a sayar da motar.

Wannan magana ba ta da tushe, kuma masu yin ta su ne na ƙarshe da ya kamata su buɗe baki. Ana karatu a ƙasar Hausa, an daɗe ana yi, da kuɗin aljihu ba da na gwamnati ba. Matsalar ita ce masu karatun ba irin mutanen da ake gayyata babban teburi ba ne. Matan aure ne, da zawarawa, da 'yan mata, da teloli, da masu jiran shago. Abin da suke karantawa kuma da Hausa yake, saboda haka a lissafin manya bai shiga cikin karatu ba.

A ɗauki matar da yau ta haura shekara 50. A firamare ta fara da Magana Jari Ce, ta san aku da Musa ɗan Sarki Abdurrahman tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Tana sakandare littattafan Kano suka ɓarke, ta riƙa tara kuɗin tara tana karɓo haya, littafi na ɗaya yau, na biyu gobe, na uku sai an yi rigima da ƙawa a kan wa zai fara. An yi mata aure ta tafi da su cikin akwati, ƙarƙashin atamfofi. Yau da tabarau take karatu a waya, tana biyan kuɗi a saka ta cikin rukunin marubuciya a WhatsApp, tana jiran shafin dare kamar yadda ta jira littafi na uku shekaru 30 da suka wuce. Ta yi kuka a kan littafi, ta yi fushi da marubuciya, ta yi musu da kishiya a kan ko jarumar ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Irinta suna nan a Fagge da Tudun Wada da Funtuwa da Maraɗi, ba su ƙirguwa. A ce wa wannan mata ba ta da al'adar karatu, alhali mai faɗin haka rabonsa da gama littafi tun jarrabawar ƙarshe ta jami'a, ai rainin hankali ne.

Kullum hujjarsu ɗaya ce: wai na da su ne littattafai, na yanzu ɓata tarbiyya ne. To, a buɗe na dan a gani. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, a zamanin ne kuma Jiki Magayi ya fito. Mene ne a cikin Jiki Magayi in ba soyayya da kuɗi da ramuwar gayya ba? Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asiri, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya zama ajalin ubansa. Da wata baiwar Allah ce ta rubuta wannan a Kano a 1995, da an ce ta koya wa yara bin bokaye. Ruwan Bagaja kuwa rabinsa ƙarya da damfara ne tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma daɗinsa ke nan. Kalalatu ta cikin Magana Jari Ce ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi gudu da mijinta, ba a taɓa jin wanda ya ce Abubakar Imam ya lalata matan aure ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito daga gasar gwamnatin tarayya a farkon shekarun 1980, cike yake da kisa da ƙwaya da ta'addancin jaruminsa Mailoma, amma an karantar da shi a makarantu ana yabo.

Har zargin kwaikwayon baƙin al'adu da aka daɗe ana jifan marubutan Kano da shi, wai daga finafinan Indiya suke ɗauko labari, bai kai ko'ina ba. Imam da kansa ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da labarin akun Indiya, ya ɗinka musu rigar Hausa. Da ya yi, sai aka ce gwaninta. Da mata suka yi, sai aka ce sata.

Yadda littattafan suka samu ma abin a jinjina ne. Hafsat Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980. Da tattalin arziki ya karye, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu na SAP daga 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda kuɗi yake. Ba wanda ya tsaya jiran su. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, 'yan ƙungiyar Raina Kama irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa buga nasu da guminsu, suna kai wa 'yan kasuwa da hannunsu. Babu tallafi, babu hukuma, babu kwamiti. Mutane suka saya domin suna so.

Kuma abin da ke ciki ba shirme ba ne, sai ga wanda bai karanta ba. Balaraba, ƙanwar Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, ta san abin da take faɗi. Abu, yarinyar da uba ya cire daga makaranta, saurayi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata Sarkin Noma sa'an ubanta, ta gudu Kaduna wajen gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wannan littafi ya yi wa karatun 'ya mace aikin da tarukan bita na otal-otal ba su yi ba, don shi ya shiga har ɗakin da ake yanke shawarar aurar da yarinyar. Alhaki Kuykuyo Ne na Balarabar ya fi shi ɗaci. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, sai da gobara ta cinye masa shago sannan dangi suka taru suka matsa mata ta koma. Mai wannan rubutu har gobe bai yafe wa waɗannan dangi ba, kuma ya san mata da yawa da suka rufe littafin ransu a ɓace. Littafin da zai sa mutum ya riƙe haushi shekara da shekaru ba abin wasa ba ne. An fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Indiyawan da aka ce ana kwaikwayon su suka ga darajarsa.

In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya sha zagi saboda Sumayya ta faɗa rijiya a kan auren dole. Aka yi ta cewa zai koya wa 'yan mata kashe kansu. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya koya wa iyaye sayar da 'ya'yansu ga mai kuɗi, kamar rijiyar ce laifin ba auren ba. Bilkisu Funtuwa kuma, mai Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, jarumanta masu ilimi ne, masu salla, masu ladabi ga miji har ya yi yawa a ganin wasu. Ita ma ba ta tsira ba, an haɗa ta cikin buhu ɗaya.

A nan ne dole a tono tsohuwar rigima, don ba ta mutu ba, kaya kawai ta sake. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin abu ne mai wucewa irin na kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tsaya suka kare su a shafukan jarida. Wannan aƙalla muhawara ce ta masu karatu, alƙalami da alƙalami. Abin da ya biyo baya shi ne abin kunya. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. Gwamnan da ya fito daga aikin koyarwa, a garin da ke alfahari da ilimi, ya tsaya ana cinna wa littafi wuta a gaban ɗalibai. Sannan Hukumar Tace Finafinai a zamanin Abubakar Rabo ta ce marubuta su zo su yi rajista, a duba rubutunsu kafin ya fita. Yarinyar da ta ga an ƙona abin da take karantawa, wane darasi aka koya mata game da littafi? Yau 'ya'yanta ne ake tsayawa a kan mumbari ana cewa ba sa karatu.

Su kuma malaman jami'a nasu salon daban ne. A aji a kushe littafin, a ofis a ba ɗalibi shi ya yi kundin digiri a kansa. Digiri nawa aka samu a sassan Hausa da jigo da salo da warwarar jigon littattafan nan? Ƙarin girma nawa aka samu? Marubuciyar da aka ci abinci da littafinta ko katin gayyata ba a aika mata, in kuwa an gayyace ta, a layin baya za ta zauna ta saurari yadda ba ta iya ƙa'idar rubutu ba. Graham Furniss da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwan littattafan nan, suka jera sunayensu a kundi, aka adana su a makarantar SOAS ta Landan. Mai son ya san darajar da aka ba su a gida, ya shiga ɗakin karatu na gwamnati mafi kusa da shi ya nemi littafin Budurwar Zuciya, ya ga irin kallon da za a yi masa.

Za a ce ai na intanet ɗin yanzu akwai batsa a ciki. Akwai, kamar yadda akwai ta a wayar mai ƙorafin da Turanci, ba ta dame shi ba. Za a ce rubutun cike yake da kurakurai, ana haɗe kalmomi ana raba su yadda aka ga dama. Haka ne, sai a tambayi wanda ya bar makarantun gwamnati babu malamin Hausa, ya kuma ci tarar yaro don ya yi Hausa a aji. Ba waɗannan ne suka dami masu kukan ba. Da su ne, da sun buɗe gasa, sun ɗauki editoci, sun sauƙaƙa kuɗin takardar da tsadarta ta kori littafin Hausa daga kasuwa zuwa waya.

Wasu sun yi, kuma an ga sakamako. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarin Sansani, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Tun daga lokacin ɗaruruwan labarai ke shiga kowace shekara. Waɗannan mata ba daga sama suka faɗo ba. Littattafan hayar nan da aka ƙona su ne makarantarsu.

Saboda haka babban baƙo na gaba da za a miƙa wa abin magana, kafin ya yi wa karatu ta'aziyya, masu taro su taimaka su tambaye shi littafin Hausa na ƙarshe da ya karanta har bango, da sunan jarumar, da yadda labarin ya ƙare. In ya amsa, a saurare shi. In ya fara kame-kame, a karɓe abin maganar a miƙa wa matarsa.