Daga Ƙofar Atiku Zuwa Monza: Ina Matakin Farko?

A shekarar 2023 aka buɗe wata sabuwar gasar tseren motoci ta matasa a ƙasashen Turai, wadda aka raɗa wa suna Euro 4. Sau uku aka haɗu a wannan shekara ta farko: a Mugello da Monza cikin ƙasar Italiya, sa'an nan a Basalona ta ƙasar Sifaniya. Da aka tattara maki, wanda ya zo na ɗaya wani yaro ne ɗan shekara 16 mai suna Ugo Ugochukwu. Duk wanda ya ji sunan ya san daga inda ya fito. Mahaifiyarsa, Oluchi Onweagba, 'yar Nijeriya ce wadda ta yi suna wajen tallan tufafi tun 1998, mahaifinsa kuwa Ba'italiye ne. To, amma a birnin New York aka haife shi cikin 2007, kuma da tutar Amurka yake tsere.

Da yawa daga cikinmu, idan suka ji wannan labari, sai su buga ƙirji su ce ai ɗanmu ne. Mu dai muna ganin ya kamata mu yi hattara, domin kayan aro ba ya rufe katara. Jinin Nijeriya yana jikinsa, wannan gaskiya ne. Amma filin da ya koyi tuƙi, da kanikawan da suka gyara masa mota, da dokokin da suka tsare rayuwarsa, babu ko ɗaya da muka ba shi. Abin da ya dace mu tambayi kanmu shi ne: da a Ƙofar Atiku aka haife shi, da yanzu me ya zama?

Kafin mu amsa, bari mu bayyana irin wannan tsere ga wanda bai san shi ba. Motar kujera ɗaya gare ta, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu kuma a waje suke tsirara. Ajin da ake kira Fomula 4, wanda hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙaddamar, ya fara aiki a Italiya cikin 2014, domin ya zama matakin farko ga yaron da ya gama da 'yan ƙananan motocin nan da ake kira kat. Ba a shigarsa sai an cika shekara 15. A gasar Euro 4 kowa irin mota ɗaya yake ja: gangar jiki ta kamfanin Tatuus, inji na Abarth, tayoyi na Pirelli. Hikimar yin haka ita ce kada wani ya ci don motarsa ta fi ta kowa ƙarfi, a bar gwanintar direba da ta kanikawa su raba gardama. Daga nan sai a hau zuwa Fomula 3, da Fomula 2, har Fomula 1, inda ba a ba mutum lasisi sai ya tara maki 40 daga ƙananan gasanni.

Wannan tsani Ugo ya bi, mataki bayan mataki. A 2020 ya ci gasar kat ta yara ta Turai. A 2021 kamfanin McLaren ya ɗauke shi cikin yaran da yake reno. A 2022 ya zo na uku a Fomula 4 ta Ingila, a 2023 ya zo na biyu a ta Italiya, ya kuma ci Euro 4 tare da ƙungiyar Prema. A 2024 ya ci babban tseren Makau. Haka Lewis Hamilton ya faro tun yana shekara 8, McLaren ta ɗauke shi yana 13. Ba wanda ya faɗo daga sama. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi wajen Ƙofar Atiku da yamma, ko ya ga an ɗauko amarya ranar Asabar, ya san ba mu rasa yara masu zuciya da saurin hannu ba. Za ka ga saurayi ya ɗaga ƙafar babur ta gaba yana tafe a kan ta baya. Za ka ga wani ya murɗe sitiyari, ya ja birki, mota tana juyi kamar mazari, ƙura ta tashi, 'yan kallo suna sowa. Wasan mota muke kiransa, amma ba kowa yake komawa gida daga wannan wasa ba. A titin nan ɗaya tsoho yake ratsawa zuwa masallaci, mai tallan fura take tsallakewa, 'yan makarantar allo suke wucewa a jere, ɗan kabu-kabu yake neman abincin iyalinsa. Babu hular kwano, babu shinge, babu alƙalin wasa, babu likita. Idan abin ya zo da tsautsayi, sai a yi jana'iza, a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Da a nan aka haifi Ugo, mai yiwuwa da yana cikin waɗannan samari, ana zaginsa da sunan ɗan iska, har ranar da zai karye ko ya karya wani. Baiwar iri ɗaya ce. Can an gina mata gida, nan an bar ta a titi.

Abin mamaki shi ne, tsere cikin tsari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san sukuwa, sun kuma ware mata fili, da ranaku, da masu lura. Ba a taɓa yarda mahayi ya saki linzami cikin kasuwa ba. Hatta tseren motoci mun gan shi: an sha haɗa shi da bikin kamun kifi na Argungu, kuma tseren Faris zuwa Dakar, tun fitowarsa ta farko a ƙarshen 1978 zuwa farkon 1979, ya ratsa ta Agadas a maƙwabciyarmu Nijar. Sai dai a irin na Dakar mu 'yan kallo ne kurum, baƙi su tada ƙura su wuce. Ko nahiyar Afirka baki ɗaya, rabonta da ganin tseren Fomula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu cikin 1993.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za su ce jihar da ke fama da 'yan bindiga a gabashinta, da ƙarancin ruwan sha, da yaran da ba su zuwa makaranta, ina ita ina tseren motoci? Za su ƙara da cewa wasan 'ya'yan attajirai ne. Suna da hujja. Ko lokacin da aka kafa Fomula 4 da niyyar sauƙaƙa kuɗi, abin da aka yi fata shi ne kada shekara guda ta wuce yuro 100,000, a zahiri kuwa manyan ƙungiyoyi suna karɓar fiye da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda ya zo mana da maganar gina katafaren filin tsere irin na Monza da kuɗin talakawa, mu ne za mu fara yi masa bore.

Abin da muke nema ƙarami ne, matakin farko kawai. Na ɗaya, a ware fili a bayan gari, a kewaye shi, a jera tsofaffin tayoyi a gefensa. Na biyu, ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su haɗa kai da kanikawa da masu walda na cikin gari, su ƙera 'yan motocin kat da injin babur. Wannan ba mafarki ba ne: tun 1998 ɗaliban jami'o'i suke ƙera motocin tsere da hannunsu suna gasa a Ingila. Na uku, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa hannu wajen shimfiɗa doka: ba hular kwano, ba hawa; wanda kuma aka kama yana wasan mota a titi, a hana shi fili. Na huɗu, attajiran da ke sayar da motoci da man fetur su ɗauki nauyin kyaututtuka.

Ribar ba ta tsaya ga direba ba. Bayan kowace motar tsere akwai masu gyaran inji, da masu auna tayoyi, da masu lissafin mai, da masu duba lokaci. Ko da ba mu taɓa fitar da gwarzon duniya ba, za mu fitar da kanikawa masu aiki da ma'auni, da direbobin da suka san cewa gudu yana da wurinsa. Mu da muke karatu yau, da 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, gobe takardun irin wannan shawara a teburinmu za su sauka. Kada mu jefa su cikin kwandon shara don muna ganin wasa ne. Yaron nan da ke juya mota a Ƙofar Atiku ƙanenmu ne, kuma ba zai daina ba don mun zage shi. Ko dai mu ba shi fili da doka, ko mu ci gaba da zuwa ta'aziyya. Allah Ya sa mu dace.