Garin dakashin saniya: tsaya ki ji kafin ki zuba wa yaro a kunu



Makon jiya a wajen wani suna, muna zaune a ɗakin mai jego, wata ƙanwata ta buɗe jaka ta zaro wani gwangwani mai hoton saniya a jikinsa, ta miƙo min. Ta ce, "Anti, duba min wannan. A Instagram na saya. An ce in ina zuba wa yaro cokali ɗaya a kunu kullum, shi da mura da gudawa sai dai ya ji a wajen wasu." Ɗanta shekararsa biyu da rabi, bai daɗe da shiga makarantar renon yara ba, kuma tun da ya shiga hancinsa bai bushe ba. Da na juya gwangwanin sai na ga garin dakashin saniya ne, wato nonon farko da saniya ke fitarwa a kwana biyu zuwa uku bayan ta haihu, aka busar da shi aka mayar gari. Kafin a kawo abinci mata uku sun karɓi lambar mai sayarwa. Shi ya sa na ce bari mu tattauna shi a nan.

Gaskiyar masu tallar ita ce dakashin saniya abu ne mai ƙarfi, amma ga ɗan maraƙi. Saniya ba ta iya miƙa wa ɗanta sinadaran garkuwar jiki ta mabiyiya yana ciki, saboda haka yakan faɗo duniya kusan babu kariya ko kaɗan. Dakashin uwarsa ne ke cike wannan giɓi. A yinin farko hanjinsa a buɗe yake, sinadaran suna ratsawa su shiga jini kai tsaye, bayan kamar awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Duk makiyayi ya san maraƙin da bai sha nonon farko ba da wuya ya yi ƙwari.

Ɗan Adam ba haka Allah ya tsara shi ba. Jaririnki yana karɓar wannan garkuwa daga jininki tun yana ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe. Yaron da ya kai shekara biyu ko uku kuwa, in ya sha garin dakashin saniya, cikinsa zai narkar da mafi yawansa kamar yadda yake narkar da madara ko ƙwai. Ba ya shiga jininsa ya zama garkuwa. Idan ma akwai wani aiki da zai yi, a cikin hanji ne, kafin ya narke. Sannan garkuwar da ke ciki ta cututtukan da saniyar ta haɗu da su ce a gonar da aka kiwata ta, a Amurka ko New Zealand ko Indiya. Murar da yara ke ɗaukar wa juna a aji a Kano ko Maraɗi ba ta cikin lissafinta.

To ina maganar binciken da masu talla ke ambato? Akwai shi, amma ki kula da irin dakashin da aka gwada. A shekarun 1990, an yi wa shanu masu ciki allurar ƙwayar cutar rota, wadda ke kan gaba wajen jawo wa ƙananan yara gudawa mai tsanani. Shanun suka samar da garkuwa ta musamman a kan wannan ƙwaya, aka tace ta daga dakashinsu, aka ba yaran da ke kwance a asibitin cibiyar binciken cutar gudawa da ke Dhaka a ƙasar Bangladesh, kuma aka ga gudawar ta yi sauƙi da wuri. Wannan dakashi ne da aka shirya domin cuta ɗaya tak, aka ba marasa lafiya a gaban likitoci. Na cikin gwangwanin ƙanwata na shanu ne da ba a yi musu komai ba. Gwaje-gwajen da aka yi da irin wannan a kan yara masu lafiya ƙanana ne, na ɗan lokaci, wasu ma ba a ware rukunin yaran da ba su sha ba balle a kwatanta. In ba a kwatanta ba, yaya za a gane garin ne ya yi aiki ko kuwa yaron ne ya ƙara girma, ko sanyin hunturu ne ya wuce? Shi ya sa har yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin abubuwan da take shawartar a ba yara don rigakafi ba.

Ga kuma abin da ba ya fitowa a bidiyon talla. Dakashin saniya madarar saniya ce. Yaron da jikinsa ba ya karɓar madarar shanu zai iya yin borin jini, amai, kumburin leɓe da fuska, wani ma numfashinsa ya sarƙe. Idan ɗanki ya taɓa yin ƙuraje ko amai bayan shan madara ko kindirmo, kada ki kusantar da shi ga wannan gari. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa babu abin da ya kamata ya shiga bakinsa sai nononki da maganin da aka rubuta masa a asibiti.

Irin waɗannan kayan ana sayar da su ne a matsayin ƙarin abinci, kuma ba a bin su da tsananin binciken da ake yi wa magani. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ta ba kamfani damar kai ƙarin abinci kasuwa ba tare da hukumar FDA ta fara tabbatar da yana aiki ba. A nan gida, lambar NAFDAC a jikin gwangwani tana nufin an yi masa rajista, ba shaida ce ta cewa yana hana mura ba. Na hannun ƙanwata ko lambar ma babu, an shigo da shi ne a akwatin wani matafiyi.

Wata za ta ce, to ai mu muna da ruga kusa, sai a karɓo ɗanye, wanda ba a taɓa ba. Wannan ya fi na gwangwani haɗari. Ɗanyen nonon shanu na iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da cutar nan mai sa shanu ɓari wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ƙwayoyin gudawa. In kuma kika tafasa shi sosai don ki kashe su, zafin zai lalata yawancin garkuwar da kike nema, ya rage miki abinci kawai.

Abin da ya fi tsaya min a rai a ranar sunan shi ne wannan. Muna cikin zancen gwangwani, sai kakar jaririyar ta ce ai ita kwana biyu ta hana a sa yarinyar a nono, sai da aka matse dakashin aka zubar, don ruwa ne mai dauɗa, yana ɓata ciki. A wannan tsakanin ruwan ɗumi da na dabino aka riƙa ɗiga mata. Na ce, "Hajiya, da ba a zubar ba." Ta dube ni ta ce haka aka yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta tara. Ban ja da ita ba, ɗakin cike yake da baƙi, kuma na san ƙauna ce ta sa ta. Amma ki duba lamarin: a ɗaki ɗaya, an zubar da na uwa wanda aka samu kyauta, ana kuma rububin sayen na saniya da kuɗi masu yawa.

Dakashinki, wannan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi ne wanda aka yi domin ɗanki. Yana ɗauke da garkuwar cututtukan da ke gidanki da unguwarki, domin jikinki ya riga ya haɗu da su. Yana shafe hanjin jariri ya hana ƙwayoyin cuta maƙalewa, yana da sinadarin bitamin A, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Kada ƙanƙantarsa ta dame ki. A ranar farko abin da cikin jariri ke ɗauka a shan nono ɗaya bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. In kina da ciki yanzu, ki yi wannan magana da surukarki da ungozoma tun kafin naƙuda, cikin ladabi, kuma ki sa maigida ya goya miki baya. Ranar haihuwa ba ki da ƙarfin musu.

Mu koma kan ɗan ƙanwata mai yoyon hanci. Ƙaramin yaro kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, wanda ya shiga cikin yara ma ya fi haka, kuma da haka jikinsa ke koyon kare kansa. Na tambaye ta katin rigakafinsa, sai ta ce tun allurar wata tara ba su koma ba. Ke nan bai karɓi allurar ƙyanda ta biyu ba, wadda ake yi a wata 15, kuma an daɗe ba a ɗiga masa bitamin A ba, wanda ake bayarwa duk wata shida har yaro ya kai shekara biyar. Duka kyauta ne a asibitin gwamnati. Ita kanta cutar rota da aka yi wancan bincike a kanta, tun 2022 Najeriya ta sa ɗigon rigakafinta cikin jadawalin jarirai, ana ba su a sati 6 da 10 da 14. Ki haɗa da gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, da wanke hannu da sabulu kafin a ba yaro abinci. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

Da muka lissafa kuɗin gwangwanin, ya ishe ta sayen ƙwan da yaron zai ci kullum har wata ya ƙare, da canjin gyada da busasshen kifin da za a daka masa a kunu da fate. Ta ce to wanda ta riga ta saya fa, zubarwa za ta yi? Na ce tunda ba shi da lamba kuma ba mu san inda ya kwana ya tashi ba kafin ya iso hannunta, ni dai ba zan ba nawa ba. Na kuma ce mata in murar ta zo da saurin numfashi, ko zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko yaron ya ƙi ci ya ƙi sha, ko ya fara ramewa, ta kai shi asibiti a ranar.

Jiya ta turo min hoton katin, an cike layin ƙyanda. Ku kuma a garinku yaya ake yi da dakashi, ana ba jariri ko har yanzu ana zubarwa? Masu jego da kakanni, ina jiran ji daga gare ku.