Daga Zancen Majalisa Zuwa Rubutu Mai Amfani

 Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, sannan Facebook ya bayyana a 2004, WhatsApp kuma a 2009, alƙalami ya bar hannun 'yan jarida kaɗai ya shiga aljihun kowa. Abin da a da sai edita ya duba kafin ya ga hasken rana, yau ɗan acaɓa da malamar Islamiyya suna iya watsa shi ga dubban mutane kafin a kira sallar Magariba. Ra'ayinmu shi ne, wanda ya sami wannan dama ya ɗauki amana, kuma wajibi ne ya koyi aikin rubutu yadda maƙeri ke koyon ƙira.

Da yawa daga cikinmu na zaton rubutu mai kyau sai wanda ya zo da manyan batutuwa. Alhali kuwa mafi amfanin tunani shi ne wanda ake furtawa kullum a bakin masallaci da rumfar kasuwa, ya watse da watsewar majalisa. Ɗan kasuwar da ya lura an lotsa gindin mudu, manomin da ya gano yadda zai adana wake ba tare da zuba masa guba ba, malamar da ta sami dabarar koya wa yara haruffan da ke ba su wuya, kowannensu yana riƙe da abin da al'umma ke bukata. Magabata ba su raina irin wannan ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tsara karatu cikin harshen da matan ƙauye ke ji, jajis ɗinta na 'Yan Taru suka kai shi gida gida.

To, yaya ake mayar da zancen majalisa ya zama rubutu tsararre? Abu na farko, a tsaya kan magana guda. Mai son ya haɗa tauye mudu da tsadar aure da shaye-shayen matasa a rubutu ɗaya, ba zai kama ko ɗaya ba. Na biyu, a sa gundarin maganar a layukan farko, domin Facebook na naɗe dogon rubutu ya bar kansa kawai a fili, kuma mai karatu na tafe ne da yatsa a kan gilashi. Maimakon a ce "jama'a a gyara mu'amala," a faɗi yadda ake lotsa mudun, da yawan hatsin da mai saye ke asara, da yadda zai gane. Nasiha mai suna da kama ita ke zama a zuciya.

Na uku, a girmama harshe. "Ya ba ta" daban, "ya ɓata" daban. "Baki" ba "baƙi" ba ne. Manhajar Gboard na da haruffan Hausa masu ƙugiya, saboda haka uzuri ya yanke. Rubutun da aka cakuɗa kalmominsa yana zubar da kwarjinin gaskiyar da ke cikinsa, kamar zuma ce a ƙazamin kasko.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne tabbatarwa. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaya wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. Jama'a suka tashi cikin dare suna aikatawa, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Jihar Filato suka yaɗu a Facebook suka ƙara wa wutar fetur. Har kamfanin WhatsApp kansa sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda a 2019. Idan kamfanin da ke neman riba ya ga haɗarin, ina ga al'ummar da malamanta suka kafa ilmin isnadi, suka ƙi karɓar hadisi sai sun san wanda ya ruwaito shi? Hoto a bincika asalinsa da Google Lens, fatawa a ambaci malamin da ya bayar da inda ya bayar, labari kuma a san bakin da ya fito.

Akwai masu cewa wahalar ta ƙare, tunda tun 2022 aka sami ChatGPT da ire-irensa na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke mayar da layi biyu su zama rubutu mai sheƙi. Ba mu hana amfani da su wajen tsara sakin layi ko rage tsawo. Sai dai a sani, waɗannan manhajoji hasashen kalma suke yi bisa abin da aka ciyar da su, kuma an sha kama su suna ƙaga ambato su jingina wa littafin da ba ya ɗauke da shi. Wanda ya ɗora hadisin da na'ura ta ba shi ba tare da ya koma ga littafi ko malami ba, sunansa ne a kan rubutun, kuma shi za a tambaya.

Saboda haka muna kira ga rassa da su ware zama, ko sau ɗaya a wata, inda masu hannu a rubutu za su koyar da matasa, a riƙa duba rubutun juna kafin a sake shi. Duk ɗan'uwan da ya ji magana mai amfani a majalisa, ya rubuta ta a ranar, ya kwana a kanta, ya tace ta da safe. Allah Ya sa abin da yatsunmu suka rubuta ya zama hujja gare mu ranar hisabi.