Sharhi: Ciwon suga ba ya kwanciya asibiti shi kaɗai

Da wuya a kwantar da mutum a asibiti saboda ciwon suga kawai. Abin da ya fi kawo shi gadon asibiti shi ne gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko kumburin ƙafafu, ko tarin da ya ƙi jin magani. Sau da yawa sai an ɗebi jini sannan dangi su ji cewa suga ne tushen lamarin. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta kiyasta cewa fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su san suna ɗauke da ita ba.

Dalilin wannan rakiya sananne ne. Suga idan ya daɗe da yawa a jini yakan lalata jijiyoyin jini, manya da ƙanana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, shi ne babban abokin tafiya, kuma haɗuwarsu ke buɗe ƙofar bugun zuciya da shanyewar jiki. Ƙoda takan yi ta lalacewa shekaru ba tare da ciwo ba. Gani yakan dusashe sannu a hankali. Ƙafa takan mutu da ji, har manomi ya taka ƙaya a gona bai sani ba, raunin ya ruɓe, a ƙarshe a yanke ƙafar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma nuna cewa mai ciwon suga ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka sau biyu zuwa uku.

Matsalar ita ce ana duba maras lafiya gutsure-gutsure. Mai awon suga ya rubuta nasa, mai wanke rauni ya ɗaure ƙafa, ido kuwa ba wanda ya tambaya. Maras lafiya ya koma gida da takardun magani uku, kuɗinsa kuma na guda ne. Nan ne yake faɗawa hannun masu tallan ƙwayoyi, ya sayi maganin ciwon jiki irin su diklofenak, wanda ke ƙara illata ƙodar da ta riga ta raunana.

Ragin rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da gwamnati ta yi a asibitocinta a 2024 mataki ne mai kyau. Amma maganin suga da na tansiyo ana shan su ne har ƙarshen rai, kuma wankin ƙoda sai a manyan birane kamar Yamai da Damagaram. Mutumin Dakoro ko Abalak da ƙodarsa ta tsaya, shi da iyalinsa duka ne suka tsaya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙasa ba. Duk mai suga da ya shiga CSI, a auna tansiyonsa, a sa ya cire takalmi a duba ƙafarsa. Sau ɗaya a shekara a gwada fitsari da ƙoda, a duba ido. Wanda ake ba maganin tarin fuka a auna masa suga. A haɗa sakamakon duka a littafi guda da zai riƙa tafiya da shi. Ma'aikatar kiwon lafiya kuma ta tabbatar cewa insulin da tsinken awo ba su yanke a cibiyoyin karkara ba.

Iyalai ma suna da nasu nauyi. Sugan da ya kai gram 1,26 a lita kafin karin kumallo, ko tansiyon da ya kai 14/9, dalili ne na komawa wurin likita, ko da jiki bai nuna komai ba. Ranar 14 ga Nuwamba za a sake yin gangamin awo kyauta. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce wa zai bi sawun waɗanda awon ya kama, daga ranar 15.