An Gama Manhaja, Yaro Bai Iya Karatu Ba

Akwai wata tambaya da jami'an sa ido kan yi wa malamin firamare duk lokacin da suka kai ziyara makaranta: ina aka kwana a manhaja? Za su duba littafin tsara darasi, su duba rajista, su sa hannu su tafi. Da wuya a ga wanda ya kira yaro ɗaya daga bayan aji ya miƙa masa jimla huɗu ya ce ya karanta. Wannan sakaci ne ke sa malamin kirki ya zama mai laifi, mai cika takarda kuma ya zama gwarzo.

A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu suna zuwa makaranta. Suna zaune a aji huɗu ko biyar, malami na rubuta darasin ajin a allo, su kuwa ba su gama sanin baƙaƙe ba. Suna amsa abin da aka faɗa da murya ɗaya, suna kwafar abin da ba su gane ba. Idan yaro ya shekara uku a haka yana shan bulala ana kiransa daƙiƙi, ranar da aka ce ya ɗauki farantin talla ba zai yi gardama ba. Sai a ce ba ya son boko, alhali tun farko ba a yi magana da shi ba.

Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da wata hanya da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Malami zai gwada kowane ɗalibi shi kaɗai na 'yan mintuna, ya gano inda ya tsaya: bai san komai ba, ko ya san baƙaƙe, ko kalmomi, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari. Daga nan sai ya karkasa yaran rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba tare da duba shekaru ko aji ba, ya ware lokaci kullum yana bin kowane rukuni daga inda yake. A lissafi, tsinke goma da aka ɗaure wuri guda ya isa ya nuna wa yaro bambancin goma da ɗaya. Ana sake gwajin a kai a kai, wanda ya ci gaba ya koma rukunin gaba.

Masanan da suka gwada wannan hanya, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun gano wani abu da ya kamata kowace hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta riƙe. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an ba su kayan aiki, amma a lokacin zangon karatu hanyar ba ta kama ba, domin malaman sun koma kan manhajar da ake tambayarsu a kanta. A jihar Haryana kuwa, gwamnati ta ware sa'a guda kullum domin wannan aiki, ta kuma sa jami'anta suna bibiya suna taimaka wa malaman, sai karatun yara ya ƙaru. Dabarar ɗaya ce a duka wuraren. Abin da ya bambanta shi ne abin da na sama ke nema daga malami. Zambiya ta ɗauki hanyar tun 2016, an kuma fara gwada ta a Borno a 2018.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne. A makarantar allo kowane almajiri da nasa allon. Mai babbaƙu yana gefe, mai farfaru yana gefe, kuma ba a wanke allo sai malam ya saurari karatun ya tabbatar ya zauna. Babu malamin allon da zai ce tun da yaro ya shekara biyu dole a ciyar da shi gaba. Makarantar boko ce ta zo da ɗabi'ar ɗaga yaro daga aji zuwa aji saboda shekara ta zagayo.

Masu suka suna da hujjoji biyu, kuma sun cancanci amsa. Ta farko, wai malamin da ke da yara ɗari a aji, albashinsa kuma yana makara, ba shi da sukunin rarraba rukuni. Cunkoso da makarar albashi zalunci ne da ya kamata a kawar. Amma malamin da ke yi wa yara ɗari bayanin da goma kaɗai ke ganewa shi ne ya fi kowa asarar ƙarfinsa, kuma a cikin rukunoni waɗanda suka yi gaba suna iya jan na baya. Ta biyu, wai raba yara zai kunyata masu rauni. Ai kunyar tana nan tun da daɗewa, a fuskar yaron da ake tsayarwa gaban aji ya kasa furta kalma. Wanda ya karanta kalmarsa ta farko a cikin tsaransa, gobe da sassafe zai dawo neman ta biyu. Kwaɗayin karatu daga ɗanɗanon nasara yake tsirowa, ba a cusa shi da tsawa.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta kuma sallami fiye da 21,000. Ko da wanda ya goyi bayan matakin ya san cewa sauya malami ba ya sauya tambayar da ake yi masa. Idan sabon malami ya tarar cewa da shafukan manhaja ake auna shi, shi ma shafukan zai bi.

Gyaran ba ya bukatar sabon gini ko kwamfuta. Hukumomin ilimi su ware sa'a guda a jadawalin kullum domin karatu da lissafi daidai da matakin yaro, cikin harshen da yaron ke ji. Jami'in sa ido ya riƙa zaɓar yara biyar da kansa yana sauraron karatunsu, ya rubuta adadin da suka tashi daga baƙi zuwa kalma tun ziyararsa ta baya. Iyaye kuma, musamman masu biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu, su daina wadatuwa da sakamakon ƙarshen zango. Su ɗauko littafin da yaron bai taɓa gani ba, su buɗe tsakiya, su ce ya karanta musu.